Injin cika harsashina ya fara matse firaima a karkace: in gyara ko in sayi sabo?

Baban Hanif (Houston):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan nake nema. Shekara biyu ke nan ina cika harsashin 9mm da kaina saboda gasar harbi da nake zuwa a ƙarshen mako. Injin nawa irin mai tasha biyar ne, wato matakan aiki biyar, wanda farantinsa mai riƙe kwanson harsashi ke juyawa da kansa duk lokacin da ka ja hannu. Na hannu na saya, kuma ba zan kama sunan kamfanin ba don kada a koma faɗan masu shuɗin inji da masu jan inji, wato wane kamfani ya fi, a manta da ni.

Wata biyu ke nan ya canza hali. Cikin kowane ɗari sai na samu huɗu ko biyar da firaima, wato 'yar ƙwayar gindin harsashi da ke kunna albarushi, ta shiga a karkace ta lotse. Wani lokacin ma kwanso ya wuce babu ita sam, albarushi ya dinga tsiyaya ta ramin gindinsa. Farantin kuma ba ya tsayawa daidai saiti sai na ɗan taɓa shi da yatsa. Na riga na canza sifirin ɗin da ke ƙarƙashin faranti, na goge bututun firaima da sifirit. Saura sati uku gasa, kuma dala 900 ce a hannuna. In ci gaba da lallaɓa shi, ko in rufe ido in sayi sabo? Na bindigar hannu kaɗai nake cikawa, ba ruwana da na doguwa.

Ɗan Maraɗi (Greensboro):
Wa alaikumus salam. Sifirin ɗin ƙarƙashin faranti ne, canza shi kawai. Ba ya wuce dala 5.

Bazazzagi (Columbus):
Idan za ka riƙa cika na doguwar bindiga irin .223 da .308, nemi injin Dillon RL550. Da hannunka kake juya farantin, babu abin da zai wuce ba ka gani ba. Shekarata shida da nawa.

Baban Hanif:
Na gode, amma ai na ce na canza sifirin, kuma ban da harkar doguwar bindiga.

Injiniya Phoenix:
Baban Hanif, kafin ka kashe ko sisi, ka yi abubuwan nan ka dawo mana da labari. Kwashe firaima da albarushi gaba ɗaya, ka cire farantin ka leƙa ƙarƙashinsa da tocila. Albarushin nan da ka ce yana zuba, ina kake tsammani yake zuwa? Can yake taruwa, a ramin ƙwallon ƙarfen da ke tsayar da faranti, da kuma kan 'yar sandar da ke tura firaima sama. Ƙwaya ɗaya tak ta isa ta ɗaga firaima ta gefe guda. Kwanso ɗaya ya wuce babu firaima, ya zubar da albarushi, albarushin ya ɓata saitin na gaba, na gaban ya ƙara zubarwa. Haka ciwon ke ciyar da kansa har mutum ya ɗauka inji ne ya mutu.

Sannan notin tsakiyar faranti. Ɗaure shi har farantin ya cije, ka ɗan sassauta kaɗan yadda zai juya ba tare da ya yi rawa sama da ƙasa ba. In injinka yana da ƙaramin sukurun kulle notin ta gefen sanda, kada ka manta da shi. Sai tebur: aza kofin ruwa a kai ka ja hannu. In ruwan ya fantsama, teburin ne ke girgiza firaima tana kifewa tun kafin ta isa kwanso.

Mai kuma, man inji mai kauri 30 a jikin babbar sanda, giris a mahaɗun hannu, shi ke nan. Hanyar firaima da ma'aunin albarushi ba sa son mai ko ɗigo, a bushe suke aiki.

Kawu Dallas:
Ɗana, saurare ni da kyau. Rabu da injin nan. Ni ma haka nawa ya fara.

A 2021 na sayi na hannu wurin wani mutum a intanet, dala 450, ya rantse mini lafiyarsa ƙalau. Ashe ya cire wasu kayan asali ya cusa na roba da aka buga a gida. Ban sani ba, don ban taɓa ganin sabo ba balle in gane bambanci. Wata uku ina fama, yau ya yi, gobe ya ƙi. Ranar da abin ya faru bayan sallar isha'i ne, na cika bututu da firaima ɗari cif, ban fi goma sha biyu da farawa ba na ji hannu ya cije. Maimakon in tsaya, sai na ce bari in ɗan ƙara ƙarfi.

Wallahi ban ji ƙara ba ma, haske kawai na gani. Ɗaya ta tashi ta kunna 'yan uwanta har sama. Sandar robar nan da ake ɗorawa a kan firaima cikin bututu, a jikin silin na same ta ta nutse. Fitilar kaina ta tarwatse ta zubo mini a wuya. Uwargida ta fito a guje ba ko ɗankwali, ta same ni tsaye ina kallon hannuna, tana magana ina ganin bakinta kawai yana motsi. Allah ya taimake ni sanye nake da gilashin kariya, kuma bututun ƙarfen nan na waje ya riƙe, wutar ta bi ta sama. Har yau kunnena na hagu yana ƙugi, in gida ya yi tsit da dare sai in ji kamar gyare.

Asibiti suka aiko takardar dala 2,300 bayan inshora ta biya nata. Mai gidan haya ya riƙe kuɗin ajiyata saboda silin. Shi kuma wanda ya sayar mini, ina tura masa hoto ya toshe lambata. Na bar shi da Allah.

Ɗan Maraɗi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, Allah ya ƙara kiyayewa. Ba ka kai shi ƙara ba?

Kawu Dallas:
Da wace shaida? Kuɗi hannu na ba shi a wurin ajiye motoci, ko sunansa na gaskiya ban sani ba.

Maman Sadiq (Minneapolis):
Sannu Kawu. Ƙugin kunnen nan ka koma a sake duba maka, akwai na'urar da ke rage damuwarsa. Tunda an zo nan kuma bari in faɗi nawa, ni ma'aikaciyar jinya ce kuma maigidana yana wannan harkar. Ƙurar firaimar da aka riga aka harba tana ɗauke da dalma, haka ƙurar injin goge kwanso. Mu da muka san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Bagega da ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata a tuna mana ba. Tun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauke ma'aunin dalma a jini da ake fara bibiyar yaro zuwa maikirogiram 3.5 a kowace desilita. Baban Hanif, in Hanif yana shiga garejin nan, a gwada jininsa. A wanke hannu kafin a taɓa abinci, kayan gareji su tsaya a gareji.

Baban Hanif:
Allah ya saka da alheri Hajiya, ba ya shiga, amma zan kai shi. Kawu, labarinka ya kashe mini jiki. To sabon nawa yake yanzu?

Bakano (Atlanta):
XL750 na kamfanin Dillon na saya dala 700 da 'yan kai. Kuɗinka ya isa har da canji.

Bazazzagi:
Wane canji? Wannan kuɗin gangar jiki ne kawai. Sa na'urar zubo kwanso, sa dayis, wato ƙarafan da ke gyara kwanso da dasa kan harsashi, sa ƙafar ɗora shi a tebur, ka tasam ma 1,300. Amma Bakano in ya faɗi farashi ai sai ka tambaye shi ko da ciniki.

Bakano:
Kai da ka shekara shida kana juya faranti da yatsa kamar mai tuyar waina? Ku Zagezagi ko injin markaɗe aka ba ku sai kun nemi dutsen niƙa.

Ɗan Maraɗi:
Ni Lee Six Pack Pro na gani bai kai dala 400 ba, tasha shida ma gare shi. Wani a YouTube ya ce bai ga abin da manyan suka fi shi ba.

Injiniya Phoenix:
Ɗan Maraɗi, kai da kanka ka taɓa jan hannunsa?

Ɗan Maraɗi:
Ni mai tasha ɗaya nake amfani da shi, amma ido ai ba mudu ba, ya san kima.

Injiniya Phoenix:
To ka gani. Mutum yana da gasa nan da sati uku, mai ba shi shawara bai taɓa saita inji mai juyawa ba. Shekara 17 ina wannan abu. Kuma Kawu, da girmanka, abin da ya same ka ba tsufan inji ba ne. Kayan jabu aka sa maka, sannan ka danna bayan ya cije. Sabo fil daga kwali ma in ka yi masa haka zai iya tashi. Hannu in ya cije, tsayawa ake yi a duba dalili. Galibi kwanson soja ne mai matsattsen baki a ramin firaima, ko guntun kwanson .380 ya ɓuya cikin na 9mm, ko tsohuwar firaima ba ta gama fita ba. Baban Hanif, kwansonka daga ina kake samo su?

Kawu Dallas:
Injiniya, kai a littafi ka karanta, ni a jikina na karanta. Yaron nan yana da iyali. Dala 900 ta fi kunnensa ne? Sabo yana zuwa da garanti, ka san kowane sukuru na asali ne. Nasa fa, ya san hannu nawa ya bi?

Injiniya Phoenix:
Ba a littafi ba ne Kawu, ina da tabo a babban yatsa. Maganar garanti kuma gaskiyarka ce, amma manyan kamfanonin nan suna sayar da kayan gyara ɗaiɗai. Dillon nan Scottsdale suke kusa da mu, Hornady suna Grand Island a Nebraska, Lee suna Hartford a Wisconsin. Ko na wane ne nasa, ya buga musu waya ya kwatanta matsalar, ya kuma sauke littafin injin ya gwada kowane ƙarfe da zanen da ke ciki. Nan zai gane ko an yi masa irin taka. Shi XL750 ɗin da ake ta ambata, a 2019 ya maye gurbin XL650, kuma babban abin da aka sauya shi ne hanyar firaima, daga faifai mai juyawa zuwa sanda mai zamewa. Ita ma sandar in datti ya shiga ƙarƙashinta sai ta yi gardama. Wanda bai koyi shara da tsohon inji ba, zai koya da sabo.

Baban Hanif:
Injiniya, kwanson a filin harbi nake tsinta, kuma gaskiya ba na tantancewa sosai. Yanzu na kwaso hannu guda, na ga wasu da zobe a kewayen ramin. Na yi gwajin kofi ma, ruwa ya zube har kan takalmina. Teburin katako ne mara nauyi, ban kafe shi a bango ba.

Ɗalibi (Lubbock):
Salam yayyena. Ina sha'awar harkar nan, in Yaya Baban Hanif zai sayar da tsohon ina so.

Bakano:
Ƙanena, da wace takarda kake zaune? In bizar karatu ce, dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga da harsashi sai in ka shiga cikin 'yan keɓantattun da aka yarje wa, kamar mai lasisin farauta. Kuma a wurinsu kwanso da firaima da albarushi duk harsashi ne. Ga lauya tukuna. Kada kuma wani ya ce ka sako masa ko ƙwaya ɗaya a akwati zuwa gida, laifi ne a nan, laifi ne a can.

Kawu Dallas:
Kada ma ya sayar wa kowa injin da bai yarda da shi ba. Haka aka yi mini.

Bazazzagi:
Ni duk ba wannan ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Huɗu cikin ɗari yake asara, kun san kuɗin firaima yanzu? Kafin korona dubu ɗaya dala 30 da 'yan kai muke saya. Aka shiga 2020 ta ɓace ɓat, na ga mutane da idona suna layi tun asuba a ƙofar shago, su kwashe su je su sayar sama da dala 100. Shekaru sun wuce, har yau ba ta koma inda take ba.

Bakano:
Ni 55 na samu watan jiya.

Bazazzagi:
Da kuɗin dakon kaya masu haɗari ko babu? Don ni shi ne ke ƙona mini rai. Ka sayi kwali ɗaya a intanet, a ɗora maka kuɗin aike, a sake ɗora wannan daban, 55 ɗinka ta koma 90.

Maman Sadiq:
Maigidana su huɗu suke haɗa oda ɗaya su raba kuɗin dakon.

Ɗan Maraɗi:
Mun gwada haka bara. Kaya suka iso ana neman sa hannun babba, ba kowa a gida, aka mayar da su ma'ajiya, sai da na yi tuƙin awa ɗaya da rabi na karɓo. Ɗaya daga cikinmu kuma har yau bai biya kasonsa ba, in na kira sai ya ce yana wurin aiki.

Baban Hanif:
Jama'a, na cire farantin. Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, har da ɓallin tagulla a ramin ƙwallon. Amma na ga haƙorin da ke tura farantin ya ɗan cinye ta gefe ɗaya. Wannan saiti ake yi masa ko canzawa?

Bazazzagi:
Ɗan Maraɗi, nawa ne kason nasa? In 'yan Ohio da Karolina za su haɗa oda wannan watan ni ina ciki, amma kowa ya turo kuɗinsa kafin a danna.