Shin bindigogin gasar harbi da ake nunawa a talabijin na gaske ne?

Ɗan Karantina, Jidda

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Gardama ce ta kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i, sa'ad da wata tasha ta maimaita gasar harbi ta Olamfik ta Paris 2024, wadda Baturken nan Yusuf Dikeç ya yi suna a cikinta saboda yana harbi hannunsa ɗaya na cikin aljihu. Wasu daga cikinmu sun dage cewa bindigar wasan yara ce, tun da ba a jin ƙara, ba a ganin hayaƙi, kuma hannun mai harbin ko gezau ba ya yi. Amma da aka koma wajen da ake harbin wasu fayafai a sama, sai muka ji ƙara sosai, muka ga faifan yana tarwatsewa da ƙura mai launi. Ina roƙon masana su fayyace mana: bindiga iri nawa ce ake amfani da ita, kuma me ake ɗura mata?

Abu Safiyya, Riyad

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kowane ɓangare na majalisarku yana da rabin gaskiya, domin gasar kashi uku ce: doguwar bindiga, ƙaramar bindiga ta hannu, da bindiga mai baki biyu ta harbin faifai.

Wadda ka gani a hannun Dikeç bindigar iska ce, babu albarushi a cikinta ko kaɗan. Ƙarƙashin bututunta akwai 'yar tukunya da ake cika wa iska da matsi mai ƙarfi, kuma iskar ce ke tura ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, wanda nauyinsa bai wuce kusan rabin giram ba. Shi ya sa babu hayaƙi, kuma bindigar ba ta zabura. Ana harbi daga nisan mita 10, da hannu ɗaya, kuma doka ta ce kunamar ba za ta tashi da jan da bai kai giram 500 ba, alƙalai ma sukan rataya mata ma'auni su gwada. Shi da abokiyar harbinsa Şevval İlayda Tarhan azurfa suka samu, 'yan Sabiya suka ɗauki zinare.

Abin da talabijin ke ɓoye muku shi ne ƙanƙantar abin da ake bara, domin kyamara tana girmama shi har ya cika allo. A doguwar bindigar iska, tsakiyar da ke ba da maki goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, wato kamar ɗigon da bakin alƙalami ya bari a takarda, kuma mutum yana tsaye da bindiga mai nauyin da zai iya kai kilo 5.5, ba tare da madubin da ke jawo nesa kusa ba. Tun da manyan maharba ba su cika kuskure goman ba, sai aka raba ta gida-gida har zuwa 10.9, na'ura ce kuma ke auna inda harbin ya sauka. A zagayen share fage harbi 60 ake yi, don haka wanda bugun zuciyarsa ya girgiza shi sau biyu ko uku kawai yana iya rasa gurbin zagayen ƙarshe.

Masu albarushi kuwa suna nan. A nisan mita 50 ana amfani da doguwar bindiga mai ɗan ƙaramin harsashi da ake kira .22, a yi harbi a durƙushe, a kwance rub da ciki, sannan a tsaye. A mita 25 ma harsashin ke nan, sai dai da ƙaramar bindiga ta hannu, kuma a gasar maza ta saurin harbi dole mutum ya ɗaga hannu ya harbi allo biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Yawancin bindigogin ƙirar Jamus, Ostiriya, Italiya da Suwizalan ne, irin su Feinwerkbau, Walther, Steyr, Pardini da Morini.

Baba Maharbi, Shara Mansur, Makka

Allah ya yi maka albarka, Abu Safiyya, ka yi bayani. Sai dai ni da na taso ina bin manya farauta da bindigar toka kafin in zo ƙasar nan ta Saudiyya, ba na iya zaman kallon mutum ya daskare wuri ɗaya yana bara ga abin da ba ya motsi. Harbin faifai shi ne ya yi kama da abin da muka sani, kuma asalinsa ma daga harbin tsuntsu ne, domin a wasannin Paris na 1900 tattabaru masu rai aka harba.

Bindigar baki biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, mai lamba 12 a ma'aunin faɗin bakin bindiga, kuma kwanson harsashinta yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma na giram 24 da ke bazuwa idan sun fita. Faifan faɗinsa santimita 11 ne, ƙurar da kuka gani kuwa gari ne mai launi da ake cusa masa domin alƙali da mai kallo su tabbatar an same shi. A nau'in da ake kira tirap, injuna 15 ne a cikin rami gaban maharba, faifan yana fita yana nisantar mutum da gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a, kuma ba ka san ɓangaren da zai bi ba. A nau'in da ake kira sikit kuwa ɗakuna biyu ne, dogo da gajere, fayafan suna fitowa daga cikinsu suna gilmawa ta gabanka, kuma ba a yarda ka kai gindin bindiga kafaɗa ba sai faifan ya bayyana.

A nan ne maƙwabtanmu suka yi fice. Shehu Ahmad Al Maktum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a Atina a 2004. Fuhaid Al-Daihani na Kuwait ya ci tagulla a 2000 da 2012, sannan zinare a Riyo a 2016, lokacin da aka dakatar da ƙasarsa, har ya karɓi lambar ba a ɗaga tutar Kuwait ba. Nasir Al-Atiyya na Ƙatar, wanda kuka sani da tseren motocin Dakar da ake yi a hamadar ƙasar nan tun 2020, tagulla ya ci a sikit a Landan a 2012.

Ummu Hanan, Madina

Baba, a gafarce ni, amma ina ganin ba a yi wa masu bindigar iska adalci ba. Mai harbin faifai yana watsa ɗaruruwan ƙwayoyi, ƙwaya kaɗan suka taɓa faifan ya fashe an ba shi maki, alhali mai bindigar iska ƙwaya ɗaya tak yake da ita a kowane harbi. Kowanne da irin wahalarsa, ɗaya sauri, ɗaya natsuwa.

Game da hannu a aljihu da ya ba ɗan'uwanmu mamaki, wannan ba ƙasaita ba ce, yawancin masu harbi da ƙaramar bindiga haka suke yi, ko su maƙale hannun a ɗamara, domin kada ya yi lilo ya karkatar da jiki. Abin da ya bambanta Dikeç shi ne bai sa gilashin gasa mai murfin ido ɗaya ba, bai kuma sa babban makarin kunne ba, tabaransa na kullum ya sa da ɗan abin toshe kunne. Gilashin gasar ma ba ya jawo abin bara kusa, yana dai taimaka wa ido ya ga saiti tangaran.

Ɗan Karantina, Jidda

Na gode ƙwarai, Baba da yayyena. Tambaya ɗaya ta rage daga wani abokinmu: tun da ta iska ce, ashe ke nan babu haɗari idan yaro ya yi wasa da irinta a gida?

Abu Safiyya, Riyad

A'a, ƙanena, ka gaya masa kada ya kuskura. Ƙwayar dalmar tana huda fata, tana kuma iya tsiyayar da ido nan take. Ko a filin gasar, idan ka lura, da zarar maharbi ya ajiye bindiga sai ya buɗe ta ya zura mata wani zare mai launi domin kowa ya ga babu komai a ciki, kuma bakinta ba ya juyowa wajen mutane. Sannan a ƙasar nan mallakar makami sai da lasisi daga hukuma, balle ga baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, don haka wanda ke sha'awar koyo ya nemi kulob ɗin harbi mai rajista, inda akwai mai koyarwa a tsaye a bayansa.