Shin ya dace a raɗa wa 'ya sunan mahaifiyarta alhali tana raye?

Ɗan Asawase ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Larabar da ta wuce, an samu 'ya mace, wadda ita ce 'yarmu ta fari, kuma Laraba mai zuwa za a yi suna a gidanmu da ke Asawase, nan Kumasi. Niyyata ita ce in sa wa jaririyar sunan mahaifiyarta, Halimatu, saboda wahalar da ta sha a wannan cikin da kuma haƙurin da ta yi da ni a lokacin da kasuwa ta juya mini baya. Da na gaya wa yayata, sai ta ce in rufa wa kaina asiri kada maganar ta kai kunnen Mma, wato mahaifiyarmu, domin a wurinta 'yar fari ta mahaifiyar miji ce, sannan ba a mayar wa yarinya sunan uwarta sai idan uwar ta rasu wurin haihuwa, saboda haka abin da nake shirin yi mugun fata ne ga mai jego. Ina roƙon masu ilimi da manya su faɗa mini ko akwai hani a addini, kuma idan babu, ta wace hanya zan bi ba tare da na ɓata wa mahaifiyata rai ba.

Almajirin Yalwa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya ta bisa tafarkin Musulunci, ya ba mai jego lafiya. Ta fuskar shari'a babu hani, domin sharaɗin suna shi ne ya zama mai kyakkyawar ma'ana, kuma kada ya ƙunshi bauta ga wanin Allah. Ba a gindaya cewa sai ya bambanta da na uwa ko na uba ba. Magabata sun maimaita suna a cikin gida ɗaya ba tare da sun ga aibu ba. Sayyidina Hasan, jikan Annabi (SAW), ya sa wa ɗansa Hasan, wanda aka sani da Hasanul Musanna, ƙaninsa Husaini kuma ya sa wa 'yarsa Fatima, sunan mahaifiyarsa, ita kuwa Nana Fatima ta haifi Zainab da Ummu Kulsum, waɗanda sunayen 'yan'uwanta ne. Annabi da kansa, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya ce ya sa wa ɗansa sunan babansa Ibrahim, yana nufin kakansa Annabi Ibrahim (AS).

Maganar mugun fata kuwa camfi ce, kuma hadisi ingantacce ya kore shu'umci. Gaskiya ne cewa a al'adarmu an fi mayar da sunan uwa idan ta rasu ta bar jinjira, amma yawan yin abu a lokacin baƙin ciki ba ya mayar da shi sanadin baƙin ciki, kuma ajali ba ya bin suna. Malamai sun ce idan aka yi saɓani, zaɓen suna haƙƙin uba ne, ko da yake shawara da uwa abu ne mai kyau, tun da a aya ta 36 ta Suratu Ali Imrana matar Imrana ce ta ce ta sa wa 'yarta suna Maryam. Sai dai ka lura, ɗan'uwa, cewa sa wannan suna halal ne kawai, kyautata wa mahaifiya kuwa wajibi ne, don haka ka auna su da ma'aunin da ya dace.

Hajiya ta Aboabo ta amsa:

Ɗana, barka, Allah ya raya mana. Malam ya gama magana a kan addini, ni kuma zan yi maka ta zaman gida, domin ba ranar suna ake gane nauyin suna ba, sai yarinya ta fara tafiya ana kiranta safe da yamma.

Mu Hausawa mutane ne masu kunyar suna. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na surukanta, kuma da yawa daga cikinmu har gobe ba ma ambaton sunan ɗan fari. Wannan ne ya sa idan aka yi wa kaka takwara, nan take ake nemo sunan da za a sakaya da shi, a ce Ummi ko Mama ko Inna ko Walida ko Uwani, kamar yadda ake ce wa namiji Abba ko Baffa. Da wannan sakayawar ake samun zaman lafiya, domin ita kakar galibi tana nata ɗakin ko nata gidan, sunan nata kuma ya riga ya ɓuya a bayan Hajiya ko Mma. Uwa fa? Ita tana tsakar gida, ƙuruciyarta ba ta wuce ba, dangin miji da maƙwabta suna kiranta da sunanta na yanka. Ka yi tunanin ranar da ƙannen yarinyar nan za su yi faɗa da ita, su ɗaga murya su kira sunan, alhali sunan wadda ta haife su ne. Ka yi tunanin ranar da kai kanka za ka yi mata tsawa a gaban baƙi. Idan kuma Allah ya ƙaddara ka ƙara aure, to ka ba abokiyar zama hanyar habaici a ɓagas, za ta zagi 'yar da suna, uwar tana ji, ba ta da bakin cewa da ita ake. Na ga gidan da aka yi haka a cikin unguwarmu, kuma ba a ji daɗinsa ba.

Sai maganar mahaifiyarka, wadda ita ce babba. Ba doka ba ce a ce 'yar fari tata ce, amma abu ne da kowace uwa take sa rai da shi tun ranar da ta aurar da ɗanta, kuma ƙawayenta za su zo suna da goronsu suna jiran su ji an ce an yi mata takwara. Idan liman ya raɗa suna aka sanar a ƙofar gida ta ji na surukarta, ba za ta ce maka komai ba, amma matarka ce za ta biya bashin, domin za a ce ita ta juya ka, ko da kuwa ba ta san da maganar ba. Shawarata ita ce ka sa wa wannan sunan Mma, ka yi wa mai jego kyautar da za ta gani a hannunta, atamfa ce ko jari, idan Allah ya kawo wata macen a gaba sai ka cika burinka, a lokacin babu mai cewa uffan.

Malamar makaranta daga Tafo ta amsa:

Hajiya, a gafarce ni, ina ganin girmanki, amma ban yarda da duk abin da kika faɗa ba. Matsalar kiran suna da kika kawo tana da magani, kuma ke da kanki kika ambace shi: a sakaya. Sunayenmu ma sun zo da abokan tafiyarsu, Halimatu ana ce mata Sadiya, Fatima ana ce mata Binta ko Zara'u, A'isha ana ce mata Indo ko Humaira, Hauwa'u kuma Kulu ko Jidda. Tun da ranar Laraba aka haife ta, ko Larai aka kira ta ya wadatar, kuma babu ƙanen da zai taɓa ambaton sunan uwarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sunan mace yake ɓacewa a cikin zuriya. Ɗa da 'ya duka suna ɗauke da sunan uba a bayan nasu, kuma haka Alƙur'ani ya yi umarni a Suratul Ahzab, ba mai jayayya da wannan. Ita uwa kuwa sai ta jira ɗanta namiji ya girma ya yi aure ya haifi mace kafin a tuna da ita, wadda ba ta haifi namiji ba kuma sai abin da surukai suka ga dama. Maƙwabtanmu Asantawa, waɗanda dangantakar gado take bi ta wajen uwa, su ma uba ne yake zaɓen suna, kuma idan yarinya ta ci sunan wata babba sukan sa mata Maame ko Nana a gaba don girmamawa, wato su ma sun san sakayawa irin tamu. A Ingila kuwa Sarauniya Elizabeth ta biyu, wadda aka haifa a 1926, sunan mahaifiyarta ta ci, uwar kuma ta rayu har shekarar 2002, ta haura shekara 100 a duniya. Wanda yake tsoron mugun fata ya dubi wannan.

Inda na yarda da ke ɗari bisa ɗari shi ne kada Mma ta ji maganar a bakin maroƙi ko a bakin yayarsa. Ɗan'uwa, ka je ka durƙusa a gabanta tun kafin a sayo rago, ka gaya mata dalilinka kamar yadda ka gaya mana, ka ce izininta kake nema. Uwar da ta san zafin naƙuda takan ba mutum mamaki. Idan ta amince, ka roƙe ta ita ta zaɓi sunan da za a riƙa kiran jikar da shi. Idan ka ga fuskarta ta canza, ka bi shawarar Hajiya.

Ɗan Alabar ya amsa:

Allah ya raya. Akwai abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko, ka tambayi mai jego kanta, domin ba kowace mace ce take son a yi mata takwara a ɗakinta ba, wata ma burinta a sa sunan tata mahaifiyar, kuma kana iya ɗauko rigima da danginka a kan kyautar da ba ita take so ba.

Na biyu, batun takardu ne. A nan Ghana mata da yawa suna ɗaukar sunan miji bayan aure, don haka idan maiɗakinka ta yi haka, ita da 'yarta za su tashi da suna iri ɗaya sak a Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da katin inshorar lafiya da fasfo, abin da yake iya kawo ruɗani a asibiti ko banki ko wurin rabon gado. Idan ka tsaya a kan niyyarka, ka sa a rubuta sunan sakayawar a matsayin suna na tsakiya tun a takardar haihuwa, kuma ka yi rajistar kafin yarinyar ta cika shekara ɗaya, domin a cikin wannan wa'adin kyauta ake yi, bayansa kuma sai an biya kuɗi.