Ta yaya filin lantarki ke hana zafi tserewa daga tokamak?

Ɗalibin_fiziks: Assalamu alaikum malamai. A tokamak, wato na'ura mai siffar zobe da ke riƙe filasma (gas mai tsananin zafi da ya rabu zuwa ayon da elektiron) da maganaɗisu, gudun E×B, wanda filin lantarki E da filin maganaɗisu B ke haifarwa, bai san caji ko nauyi ba, ayon da elektiron tare yake kwashe su. To ta yaya filin lantarkin da ke bakin filasma yake rage tserewar zafi?

Mai_maganaɗisu: Wa alaikumus salam. Ba ƙarfin filin ke yin aikin ba, sauyawarsa daga wani zoben filasma zuwa na gaba ce. Gudun shi ne E a raba da B: filin lantarki na 20 kV/m a cikin filin maganaɗisu na tesla 2 yana ba da kilomita 10 a daƙiƙa. A bakin filasma filin yana fuskantar ciki, kuma yana zurfafa ne kamar rami a cikin santimita ɗaya ko biyu kacal, saboda haka zobe biyu da ke maƙwabtaka ba sa gudu daidai. Ƙananan guguwoyin da ke fitar da zafi sai su miƙe su yage kafin su ƙetare. Sharaɗin dai yagewar ta fi bunƙasar guguwar sauri. Wannan ne tushen yanayin H-mode da Fritz Wagner ya gano a na'urar ASDEX a Garching, Jamus, a 1982, inda lokacin riƙe zafi ya kusan ninkawa.

Injiniya_auna: Ɗan'uwa, ka kula da yadda ake auna filin, nan ake yawan kuskure. Ana harba ƙwayoyi marasa caji cikin filasma, a duba hasken da kabon ɗin da ke cikinta ke fitarwa a nanomita 529, a samo gudu da zafi da yawan kabon. Daga nan a lissafa filin: gangaren matsi, da gudu ta gajeren zagayen zoben, da ta dogon zagayensa. Duka ukun su fito daga nau'in ayon ɗaya. Wanda ya haɗa matsin diyuteriyam (haidurojin mai nauyi) da gudun kabon ya ɓata lissafi. Kuskuren milimita kaɗan wajen sanin inda ake kallo ma ya isa ya gurɓata siffar ramin.

Mai_maganaɗisu: Haka ne. Kuma shingen zafin da filin ke ginawa a bakin filasma yana zuwa da matsalarsa: matsi na taruwa a bayansa har ya ɓalle, zafi ya watsu kan farantin da ke ƙasan na'urar, abin da ake kira ELM. A stellarator kuwa, wato wata na'urar riƙe filasma mai murɗaɗɗun maganaɗisai irin Wendelstein 7-X, filin yana daidaita kansa ne har yawan ayon da elektiron masu fita ya zama ɗaya, kuma idan elektiron sun yi zafi sosai a filasma mara kauri, yana juyawa ya fuskanci waje.