Wace hanya kuka fi so wajen naɗar jitar lantarki?

Mai Jan Tsirkiya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Jitata irin ƙirar Stratocaster ce, mai fikof (ɗan maganaɗisun da ke ɗauko sautin tsirkiya) sirara guda uku, amma ba ta asali ba ce. Amfilifayata ƙarama ce mai bawul (kwalaben lantarki irin na tsohuwar rediyo), wat 15, sifika ɗaya mai inci 12, bayanta a buɗe. Ina da makirufo SM57 guda, da ɗan intafes (akwatin da ke shigar da sauti kwamfuta) mai ƙofa biyu, a manhajar Reaper nake naɗa.

Ga abin da ya ishe ni. In ina tsaye a ɗaki ina kaɗawa, sautin cike yake, yana da jiki, har a ƙirjina nake jin sa. Da na naɗa na sa a kunne, sai in ji wani abu siriri mai tsini, kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. In na ƙara masa bes a manhaja sai ya dagule, ba a gane me nake kaɗawa. In na ƙara gen (maɓallin da ke kausasa sauti) a amfilifaya sai tsinin ya ƙaru. Ga kuma maƙwabci, bango ɗaya ne tsakaninmu, da dare ba halin in buɗe sauti, alhali da daren ne hannuna ya fi sakewa.

Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina, in soka jitar kai tsaye a intafes, manhaja ta yi sauran. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, don ni wannan ɗumin na bawul shi ya sa na sayi amfilifayar tun farko. To ku fa? Wace hanya hannunku yake fara kaiwa gare ta in aiki ya taso, kuma me ya sa?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kayanka ba su da laifi. SM57 tun 1965 kamfanin Shure ya fito da shi, kuma har gobe shi ake fara ɗorawa a gaban amfilifaya a manyan situdiyo. Amfilifaya mai wat 15 ma ta fi babba sauƙin naɗa, don tana kaiwa inda take daɗi ba tare da ta girgiza gini ba.

Ina kyautata zaton a tsakiyar sifika ka saita makirufon, daidai cibiya. Nan ne duk kaifin yake fitowa. Kai kuwa da kake tsaye, kunnenka yana can sama, nesa da ita da kamar mita biyu, a karkace, ga bango da ƙasa suna dawo maka da sauti. Abin da kake ji daban, abin da makirufon yake ji daban. In kana son ka gaskata, rage ƙara sosai, ka durƙusa ka sa kunne a gaban sifikar. Za ka ji ƙudan zuman nan naka suna nan daram.

Yi haka. Ɗauki tocila ka haska ta cikin ƙyallen gaban amfilifayar, za ka ga ɗan ƙoƙon da ke tsakiya da faifan takardar da ya kewaye shi. Kai bakin makirufon daidai inda ƙoƙon ya haɗu da faifan, ya kusa taɓa ƙyallen. Daga nan sai ka riƙa matsar da shi zuwa gefe, faɗin yatsa ɗaya-ɗaya, kana naɗa kana saurara. Duk matsawar da ka yi zuwa baki, tsinin yana raguwa, sautin yana yin duhu. Akwai wurin da za ka ji ya zauna, sai ka liƙa ɗan salatif a ƙyallen don gobe. Ka sani kuma irin wannan makirufo, in ya matso kusa da abu yana ƙara masa bes da kansa, in ka ja shi baya da santimita biyar ko goma sai besin ya sauka. SM57 kuma yana da ɗan tudu wajen kilohaz 5 zuwa 6, wato a saman sauti, shi ya sa yake sa jita ta fito a cikin taron kaya, shi ya sa kuma yake cizo in an sa shi a cibiya.

Na biyu, rage gen. Abin da kake ganin ya isa a ɗaki, a naɗi ya yi yawa. Distoshan, wato kaushin da gen ke jawowa, yana matse sauti, yana cinye bugun farko na tsirkiya, sai a rasa gaɓoɓin kiɗan. Sauke shi har sai ka ji kamar ya yi kaɗan, to nan ne.

Na uku, ɗaga amfilifayar daga ƙasa, ɗora ta a kujera, ka janye ta daga kusurwar ɗaki.

Ni kam hanyata ke nan: makirufo ɗaya, a wurin da ya dace. In ina da hali nakan haɗa shi da makirufo na ribon (mai ɗan siririn ƙarfe a ciki), irin Royer R-121, don yana da laushi a sama da kauri a ƙasa, sai su cike wa juna. Amma makirufo biyu rigima biyu ce. Sauti yana tafiyar kamar santimita 34 a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In ɗaya ya fi ɗaya kusa da sifika ko da kaɗan ne, sautin zai riga isa gare shi, in ka haɗa su sai wasu muryoyin su kashe juna, ka ji abu fanko. Dole bakunansu su yi daidai. Tunda bayan taka a buɗe yake, wata rana in ka samu aron makirufo na biyu, gwada sa shi a baya, amma ka danna maɓallin juya fes a layinsa, don lokacin da faifan ya turo gaba, ta baya ja yake yi.

Mai Hedfon ta amsa:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake. Sai dai kun tsallake maganar maƙwabci. Bawan Allah ya ce da dare yake samun kansa.

Malam Mai Jan Tsirkiya, ni kusan duk aikina kai tsaye nake yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba sabon abu ba ne ma. A situdiyon Motown da ke Detroit, shekarun 1960, kai tsaye ake soka jitoci a na'ura. Nile Rodgers ma an san shi da haka, wannan tsaftataccen karce nasa yawanci ba ta makirufo ya bi ba. Ga kiɗa mai tsafta da jita irin taka, wani lokacin ko manhajar amfilifaya ba ka buƙata, ɗan kwamfiresa mai daidaita ƙarfin sauti kawai.

Masu cewa sun gwada bai yi daɗi ba, abu biyu ne yawanci ke kayar da su. Na farko ƙofar shiga. Duba intafes ɗinka, akwai maɓalli da aka rubuta INST ko Hi-Z. Fikof ɗin jita yana son ƙofa mai juriyar kusan megaom 1. In ka soka shi a ƙofar layi ta yau da kullum, wadda juriyarta ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, saman sautin zai mutu tun kafin ya isa kwamfuta, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi.

Na biyu sifika. Sifikar jita ba ta fitar da abin kirki sama da kilohaz 5 ko 6, ita ce ke tace ƙazantar distoshan. In ka buɗe manhajar amfilifaya ba ka sa mata kwaikwayon sifika a bayanta ba, abin da za ka ji ba ya sauraruwa. Wannan kwaikwayon shi ake kira IR: an ɗauki amsar wata sifika ta gaske, da makirufo na gaske a wani wuri takamaimai, an adana a ɗan fayil. Ni a ganina canza IR ya fi canza manhajar amfilifaya tasiri. Tun da Line 6 suka fito da POD a 1998 ake wannan muhawara, amma abin ya yi nisa yanzu. Nemi Neural Amp Modeler, kyauta ne, kuma akwai kwafin amfilifayoyi birjik da mutane suka ɗora.

Saura jinkiri tsakanin bugu da jin sauti. Sa bafa (adadin samfurin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa) a 128 ko 64. A kilohaz 48, samfur 128 bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba, ka haɗa da shiga da fita har yanzu bai wuce jinkirin da kake samu in ka tsaya mita biyu ko uku daga amfilifaya ba. Naɗa a bit 24, kada ka cika mita, bugunka mafi ƙarfi ya tsaya wajen -12 a kanta. Ja a mita ba ado ba ne.

Ɗan Tsakiya ya amsa:

Ni ban ga dalilin zaɓen ɗaya ba, tunda ƙofa biyu gare ka. Samu ɗan akwatin DI. Jita ta shiga cikinsa, waya ɗaya ta wuce amfilifaya, ɗaya ta tafi ƙofa ta biyu. Makirufo a ƙofa ta ɗaya. Kaɗawa ɗaya, layi biyu: na amfilifaya da ɗanyen sautin jita. In na amfilifayar bai zauna a mikis ba, ɗanyen yana nan.

Ga maganar dare kuma: kaɗa da hedfon da manhaja kamar yadda Anti ta ce, ka adana ɗanyen. Da rana, sai ka mayar da shi daga intafes zuwa amfilifayarka ta cikin akwatin riyamf, wanda ke rage ƙarfin sautin ya koma kamar daga jita ya fito. Kiɗan yana ta maimaita kansa, hannayenka biyu a sake, kana durƙushe da hedfon kana matsar da makirufo kana ji nan take. Babu hanyar da ta fi wannan saurin koyon abin da Baba ya bayyana.

Gargaɗi ɗaya: kada wani ya ce maka ka cire wayar sifika don a yi shiru. Amfilifaya mai bawul in aka kaɗa ta ba sifika ba akwatin lodi (wanda ke maye gurbin sifika), taransifomarta na iya ƙonewa.

Sannan siririn sautin nan, wani ɓangarensa rashin aboki ne. Kaɗa layin sau biyu, ɗaya ka tura hagu ɗaya dama. Kwafin layi ɗaya ba ya yi, ƙara kawai zai ƙaru. Ɗan bambancin da ke tsakanin kaɗawa biyun shi ke buɗe sautin.

Tsohon Injiniya ya sake amsawa:

'Yata Mai Hedfon, kin kama ni a kan maƙwabci, na sallama. Amma akwai abin da hedfon ba ya bayarwa. In sifika tana kaɗa iska a ɗaki ɗaya da jita, iskar tana komawa ta taɓa tsirkiya da katakon, sauti ya daɗe bai mutu ba, mai kaɗawa kuma yana ji a yatsunsa, sai salon bugunsa ya canza. Riyamf ma ba ya dawo da wannan, don lokacin da amfilifayar ke ihu jitar tana rataye a bango. Ga kiɗan rakiya ba komai. Ga layin da jita ke magana ita kaɗai, ni sai da amfilifaya a ɗaki.

Kuma na ga yaran da suka adana ɗanyen sauti suka shafe makonni suna canza IR, waƙa ba ta fita ba. Da can in an naɗa an naɗa, sauran kayan kiɗa su bi bayansa. Ɗan Tsakiya, ka ajiye ɗanyenka, ban hana ba, amma a yanke shawara ranar da aka kaɗa.

Mai Jan Tsirkiya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na haska tocila, na matsar da makirufon zuwa bakin ƙoƙon, na ƙara faɗin yatsa biyu zuwa gefe, na sauke gen daga 7 zuwa 4. Ƙudan zuman sun tafi. Abin da ya ba ni mamaki, a ɗaki sai na ji kamar sautin ya rame, amma da na ɗora shi a kan ganga da bes sai ya zauna ɗas, ban taɓa komai a manhaja ba. Ni dai na ga inda zan tsaya: rakiya da dare ta hedfon, layin gaba da rana da amfilifaya.

Anti, na danna INST, bambancin a fili yake. Sai dai wani sabon abu ya ɓullo. Da na zauna gaban kwamfuta da jitar, akwai wani gurnani ƙasa-ƙasa da ba ya tsayawa, in na buɗe distoshan kuma sai ya zama tsaki. Jitar ce ko intafes ɗin?

Mai Hedfon ta sake amsawa:

Rufe maɓallin ƙarar jitar gaba ɗaya. In gurnanin ya ɗauke, fikof ne. Fikof siriri yana kwasar amon wutar gida, haz 50 ko 60 gwargwadon ƙasar da mutum yake, da na allon kwamfuta da caja da wasu fitilu. Dalilin da ya sa Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson hambaka, fikof mai kashe amo, ke nan a shekarun 1950. Ja da baya daga teburin, ka riƙa juyawa a hankali a kan kujera da jitar a cinya, akwai fuskar da amon zai ragu sosai, sai ka kaɗa a haka ko da bango kake kallo. Gwada kuma sa sandar zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4, a yawancin jitoci irin taka fikof ɗin tsakiya an naɗe shi a juye, in ya haɗu da na kusa da shi sai amon ya kashe kansa.

In kuwa ka rufe ƙarar amon yana nan, zare cajar laftof ɗin ka naɗa da batir ka ji. In da akwatin DI a tsakani, danna maɓallin ɗage at (wayar ƙasa ta lantarki) da ke jikinsa. Ƙafar at ta fulogin amfilifaya dai kada ka kuskura ka cire ta, don tsirkiyar da ke hannunka a haɗe take da jikin amfilifayar. Wace irin waya kake amfani da ita, kuma tsawonta mita nawa ne?