Neman kalma: me za mu kira "acceleration" da Hausa?

Malamin fiziks: Assalamu alaikum. Jiya ina koya wa 'yan babbar sakandare doka ta biyu daga dokokin motsi da Niyuton, masanin nan na Ingila, ya wallafa a 1687, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Ga lissafin: janwe ta ɗaura wa ƙaramar mota igiya. Motar kilo 1,200 ce, igiyar tana ja da ƙarfin niyuton 2,400 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), tayoyi kuma suna tirjewa a kan kwalta da niyuton 600. In an cire tirjiyar saura 1,800, a raba da 1,200, a sami 1.5. To, ɗaya da rabi na mene ne? Ma'anarsa dai, duk daƙiƙa gudun motar yana ƙaruwa da mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, in daga tsaye ta tashi, bayan daƙiƙa 4 ta kai mita 6 a daƙiƙa, wajen kilomita 22 a awa. Sunan abin nake nema. Na ga wasu suna rubuta "hanzari".

Dattijo mai fassara: Wa alaikumus salam, Malam. Wani hanzari ba gudu ba, kamar yadda muke cewa, kuma a nan ma hanzarin bai dace ba. Hanzari gaggawa ce. Motar da ta miƙe hanyar Kano zuwa Zariya tana kilomita 100 a awa, ba ƙari ba ragi, kowa zai ce tana hanzari, alhali abin da kake aunawa sifili ne a gare ta. Yaro zai ruɗe.

Direban janwe: Ranka ya daɗe, mu a tasha cewa muke mota ta zabura. In ka ba ta wuta, ka danne totur, sai ta zabura kamar dokin sukuwa. Lissafin Malam kuwa a jikinmu muka san shi. Na taɓa fizgar wata bas da ƙarfi daga tsaye, igiyar ta tsinke ta dawo ta fasa mini fitilar baya. Tun ranar a giya ɗaya nake tashi, a hankali.

Malamin fiziks: Ka kawo hujja mai kyau, Oga. Igiyar ce ke ɗauke da ƙarfin duka, in kana son bas ta tashi da wuri dole ƙarfin ya ninka, igiya kuwa tana da iyakarta. Kuma da ragowar ƙarfin nan na 1,800, in bas ce mai kilo 3,600, 0.5 kawai za ka samu maimakon 1.5. Zabura ta yi mini daɗi a baki, gajeriya ce, tamu ce. Matsalarta ita ce farat ɗaya take faruwa. Tirelar da ke tashi kamar ba ta so ba za a ce ta zabura ba, amma lissafin ya hau kanta.

Ɗaliba: Malam, "hauhawar gudu" fa? Kamar hauhawar farashi, da kaɗan-kaɗan take zuwa.

Dattijo mai fassara: Madalla 'yata, kin kusa. Sai dai in janwe ta taka birki, gudu sauka yake yi, kuma doka ɗaya ce ke aiki, amsar ce kawai ke ɗaukar alamar ragi. Ni "sauyin gudu" nake gani. Ya haɗa hawa da sauka. A ƙara masa "a daƙiƙa" don a san ana auna shi da lokaci.

Malamin fiziks: Na karɓa, Baba. Zan rubuta a allo: sauyin gudu a daƙiƙa shi ne ragowar ƙarfi a raba da kilon motar. In yana hawa mu ce hauhawar gudu, in yana sauka ragin gudu. Shan kwana ma yana ciki, ko da allurar mita ba ta motsa ba, wannan sai na yi musu bayani da baki. Kun lura na ce "kilon motar", na kauce wa "nauyi". Motar nan in an kai ta duniyar wata nauyinta zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida, amma kilo 1,200 ɗinta yana nan. Shi kuma wane suna za mu ba shi?

Direban janwe: Wannan kam sai gobe, Malam. An kira ni, wata mota ta mutu a kan gada.