Ƙaramin otel a tsohon ginin Turawa a tsakiyar Jos: me zan duba kafin in biya?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Muna da ɗaurin aure a Jos a makon ƙarshe na Disamba. Zan taho daga Kano da mahaifiyata da maiɗakina, kwana huɗu za mu yi. An turo mini hotunan wani ƙaramin otel a cikin gari mai ɗaki goma sha biyu, tsohon gidan dutse ne na zamanin Turawan kuza da aka gyara. A hoto ya yi kyau ƙwarai, har da murhu a falo da lambu a gaba. Sun ce in tura kuɗin ɗaki biyu na kwana huɗun gaba ɗaya, wai lokacin cikowa ne. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, kuma sanyi yana tayar mata da shi. Don Allah waɗanda suka san irin waɗannan gidaje, me zan tambaya tun daga nan, me kuma zan duba in na isa? Ko dai in haƙura in kama a babban otel na zamani?

Mai Famfon Dilimi:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a yi biki lafiya. Gidajen nan suna da daɗin zama in an riƙe su da kyau. Bango mai kauri, silin can sama, ba ka jin motsin na ɗakin kusa. Sai dai ba a gyara tsohon gida a rana ɗaya. Yau a taɓa ɗaki uku, baɗi a taɓa biyu, saura a shafa musu fenti kawai. Shi ya sa a gida ɗaya, farashi ɗaya, wani ɗakin lafiya lau, wani kuma wahala zalla. Ka nemi a faɗa maka lambar ɗakin da za a ba ka, kuma a kan wannan ɗakin za ka yi duk tambayoyinka.

Fara da sanyi. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu awon zafi kan sauka zuwa digiri 11 ko 12 da asuba, wata rana ma ƙasa da haka. Bangon dutse in ya ɗauki sanyi ba ya saki da wuri. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma a wannan wata ta karkata kudu. To ɗakin da tagarsa ke kallon kudu shi yake samun rana da yini, shi za ka nema wa Hajiya. Wanda ke kallon arewa ko azahar ba ya ɗumi. In tagar luba ce, ka ƙirga gilasan, ka rufe ka sa bayan hannunka a gefe. Gilashi ɗaya da ya ɓace ko marikin da ya saki ya isa ya hana mutum barci.

Sai ruwan zafi, wanda a nan ne aka fi yin kuka. Jan fitilar da ke kan makunnin hita tana nuna wuta ta iso makunnin ne kawai, ba ta ce ƙarfen da ke dafa ruwan yana da rai ba. Kunna, ka ba shi minti ashirin, sannan ka taɓa bututun da ke fitowa daga hitar. In bai yi ɗumi ba, ta mutu. Ka kuma karanta lita nawa aka rubuta a jikinta. Mai lita 15 da wat 1,500 tana cin kusan rabin awa kafin ta yi zafi, kuma in an sirka wankan mutum ɗaya take bayarwa. Mai lita 30 tana cin kusan awa guda, ta ishi mutum biyu. A ɗakinka da maiɗakinka in ƙaramar ce, na biyu sai ya jira wani rabin awa.

Buɗe famfo ka tara a farin bokiti. Tsofaffin gidaje da yawa har yanzu bututun ƙarfe ne a cikin bango, yana tsatsa ta ciki, ramin yana tsukewa. Alamarsa biyu: ruwan farko ja-ja, kuma shawa tana ɗiga maimakon ta zuba. In jan ya washe cikin minti biyu, tsatsar bututu ce, ana iya wanka. In bai washe ba, daga tanki ne ko daga rijiya, kada Hajiya ta ko kurkure baki da shi. Ƙarfin ruwa kuma ya danganta da tsayin tanki a kan shawa, don haka a gida mai bene ɗakin ƙasa ya fi na sama samun ruwa.

Tambaya ta ƙarshe: daga ina ruwansu yake zuwa, kuma tankinsu lita nawa? Ƙasar Jos dutse ce, ba kowace burtsatse ke jure rani ba. Ɗaki goma sha biyu in sun cika mutum ashirin da huɗu ke nan. Ko lita ɗari-ɗari ka ba su, ka tashi 2,400 a yini, ban da kicin da wanki. Tanki ɗaya na lita 2,000 ba zai kai su dare ba sai ana yi masa ciko.

Injiniyan Bukuru:

Duk abin da Malam Mai Famfo ya faɗa haka yake, amma hita ba ta aiki sai da wuta, don haka a nan zan tsaya. Kada ka tambaye su «kuna da wuta?», don kowa zai ce akwai. Ka ce: in JED, wato kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, ta ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake tayar da janareto, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma hitar banɗaki tana kan layin janareto? Lissafin a fili yake. Hita goma sha biyu, kowace wat 1,500, kilowat 18 ke nan in an kunna su tare da asuba. Janareto mai kVA 10 ba zai ɗauka ba, shi ya sa ƙananan otel da yawa suke cire hita daga layinsa. In kuma sun ce sola da inbata suke da su, yawanci fitila ce da talabijin da cajin waya. Hita tana zuƙe batir nan da nan.

In ka shiga ɗakin, dubi soket. Wasu tsofaffin gidaje har yau suna da mai ƙafa uku zagayayyu, cajarka mai ƙafa murabba'i ba za ta shiga ba, sai ka taho da adafta. Soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi ko yake ƙauri kada ka sa masa komai. Wannan ya shafe ka sosai, domin na san za ka so ka taho wa Hajiya da hitar ɗumama ɗaki. Mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Soket mai amfiya 13 da waya lafiyayya zai ɗauka, amma tsohon ƙaramin soket mai amfiya 5 zai yi zafi ya narke. A bango kai tsaye ake sa ta, ban da doguwar wayar ƙari, nesa da labule da bargo, kuma ka sanar da masu otel tukuna.

Abu ɗaya ba a sasantawa a kansa: in ka taɓa kan famfo ko shawa ka ji yana ɗan jan hannu, hitar tana yoyon wuta kuma ba a haɗa ta da ƙasa yadda ya kamata ba. Kashe ta, a canza muku ɗaki. Mutum a jiƙe, ƙafa ba takalmi, ƙaramar wuta ma tana kisa.

Murhun da ka gani a hoto, ka ɗauke shi ado har sai an tabbatar maka ana share bututun hayaƙinsa. Da yawa an toshe su lokacin da aka canza kwano, wasu kuma tsuntsaye sun cika su da sheƙa. Haka nan ko maigadi ya tausaya ya kawo kaskon gawayi, kada ya kwana a ɗaki rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take tafiya da shi. Hayaƙin janareto ma ita yake ɗauke da ita, don haka zagaya bayan gidan ka ga inda bakin salansarsa yake kallo. In kusa da tagar ɗakinku ne, nemi wani. Kuma tunda tagogin duk da ƙarfe a jikinsu, ƙofa ce kaɗai mafita: gwada makullin daga ciki sau biyu, ka ga inda tukunyar kashe gobara take, allurarta tana kan kore ko a'a.

Hajiyar Gangare:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka sa lafiyar mahaifiyarka a gaba. Maza sun yi maganar ruwa da wuta, ni banɗakin zan ja hankalinka a kai. Gidajen Turawa baho suke da shi na kwanciya, bakinsa ya kai kusan rabin mita, cikinsa santsi. Mai ciwon gwiwa ba za ta iya ɗaga ƙafa ta tsallaka shi ba, in ma ta shiga fitowa ce matsala. Ka ce a ba ta ɗakin da wurin wankansa yake daidai da ƙasa. Ka taho da ƙaramar kujerar roba, da buta, da silifas mai riƙe ƙasa. A ƙirga maka matakala daga inda mota ke tsayawa har ƙofar ɗakin, don gidajen kan tudu suna da hawa a waje ko ba bene.

Daɓen irin gidan nan ƙanƙara ne da asuba. A zo da sallaya mai kauri da safa, a cika filas babba da ruwan zafi tun dare saboda alwala. Alƙibla a Jos gabas ce da ɗan karkata arewa, wajen digiri 65 a manhajar waya. Bargo biyu za ka nema mata, ka sansana su, wanda ya daɗe a kabad yana warin danshi kuma yana tayar da tari. Ɗaga zanin gado ka bi ɗinkin katifa da fitilar waya: ɗigo-ɗigon baƙi kashin kuɗin cizo ne. Man kaɗanya kada ya bar jakarta.

Ka kuma tambaya ko suna da mashaya, da ko suna ba da hayar lambun nan don biki. Ƙarshen Disamba kusan kullum akwai taro, kuma a ƙaramin gida ba inda kiɗa ba ya kaiwa.

Abu Khalil:

Ni dai a ganina, da dattijuwa a tafiya, babban otel ya fi kwanciyar hankali. Janaretonsa yana ɗaukar komai, in ɗaki ya ba da matsala akwai wani a buɗe. Mai ɗaki goma sha biyu in ya cika, ko ka ga aibi ba inda za a mayar da kai.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na gode da addu'a. Na kira su yanzu. Sun ce akwai ɗaki biyu a ƙasa marasa baho, janareto daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, amma hita ba ta kansa, ruwan zafi a bokiti suke kawowa in ba wuta. Har yanzu suna son kuɗin duka. Yaya kuke gani?

Injiniyan Bukuru:

Amsar da suka ba ka ta mutanen da ke faɗin gaskiya ce, kuma ruwan bokiti daga kicin ba aibi ba ne in za su kawo shi kan lokaci. Ka tsayar da su a kan sa'a: ƙarfe 5 na asuba bokiti ɗaya a ɗakin Hajiya, ƙarfe 7 na wanka. Maganar Malam Abu Khalil kuma tana kan hanya, babu ɗakin canji a makon nan, don haka dubawar dole a yi ta kafin ku baro Kano. Gani ya kori ji. Cikin dangin masu bikin ka roƙi mutum ɗaya ya je da safe, ya kira ka ta bidiyo daga cikin ɗakunan biyu, ya buɗe famfo, ya ja ruwan masai, ya rufe taga kana kallo, ya nuna maka lambar da ke jikin ƙofa.

Kuɗi kuma, ka ba da na dare ɗaya na kowane ɗaki a matsayin kafin alƙalami, cikon in kun iso. In sun nace, ku tsaya a rabi. Asusun da za ka tura wa ya kasance da sunan otel ɗin, ba sunan wani mutum ba, kuma wanda ka aika ya tabbatar da lambar asusun a teburin karɓar baƙi, domin ana buɗe shafukan bogi da hotunan otel na gaske. A turo maka rasit mai ɗauke da lambar ɗaki, ranar shiga, ranar fita, da sharaɗin mayar da kuɗi. Tambayi ko farashin ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima da karin kumallo. Yawanci ƙarfe 12 na rana ake sallamar ɗaki, in ɗaurin auren ya faɗo ranar tafiyarku ka nemi ƙarin sa'o'i tun yanzu.

Sai wurin da yake. «Cikin gari» a Jos yana iya zama gefen Taminus da titin Ahmadu Bello, inda bayan da babbar kasuwa ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka yawaita a bakin titi, shiga da fita da mota da rana sai haƙuri. Yana iya zama kuma can wajen gidan tarihi da aka buɗe a 1952, inda ya fi shiru. Ka ba masu bikin sunan unguwar su faɗa maka ko ta dace da ku da kuma nisanta da masallaci, su suka san garin a yau. Ka tabbatar akwai wurin ajiye mota a cikin katanga da maigadin dare, ka kuma tambayi ƙarfe nawa keke Napep ke daina aiki, don hukuma kan sa musu lokaci. In kun taso daga Kano da sassafe za ku iso da sauran rana, ka sake gwada hita da famfo da kanka kafin a sauke kaya.