Na ɗora WordPress amma hotuna sun ƙi hawa, 777 zan sa?

sabon_shiga:
Assalamu alaikum. Na ɗora fayilolin WordPress da FileZilla (manhajar ɗora fayiloli) cikin /var/www/html a wata VPS (sabar haya) mai Ubuntu da Apache (manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara). Shafin yana buɗewa lafiya, amma duk hoton da na so sakawa sai a ce ba a iya ƙirƙirar folda a wp-content/uploads ba. In zan sa plugin kuma sai ya nemi sunan FTP da kalmar sirri. An ba ni shawara in mayar da komai 777. Hakan daidai ne?

mai_gadin_sabar:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sa 777. Hoton zai hau kam, amma ka ba kowane asusu da kowace manhaja da ke kan injin damar sake rubuta fayilolinka.

Lambobin ukun nan na izini ne, ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran kowa. Karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa 1, sai a tara. Ke nan 7 duka uku ne, 6 karatu da rubutu, 5 karatu da gudanarwa. Foldoji 755 suke so, fayiloli 644. Shi wp-config.php, da yake a ciki kalmar sirrin rumbun bayananka take, a matse shi zuwa 640.

Inda mutane suke yawan faɗawa shi ne chmod -R 644, wato umarnin sa izinin 644 a kan komai. A wajen folda, wannan 1 ɗin shi ne izinin shiga cikinta, da ka cire shi Apache ba zai kai ga abin da ke ciki ba, sai ka ga kuskuren 403 (an hana shiga) a duk shafin. Raba su za ka yi, kana cikin /var/www/html:

find . -type d -exec chmod 755 {} \;
find . -type f -exec chmod 644 {} \;

injiniya_linux:
Bayanin Malam daidai ne, sai dai a ganina lambobin kaɗai ba za su warware wannan ba. Matsalar mallaka ce. Buga ls -l ka duba suna biyun da ke gaban kowane fayil. In da root (babban asusun injin) ka shiga lokacin ɗorawa, root root za ka gani. Apache kuwa a Ubuntu da sunan www-data yake aiki, don haka a folda mai 755 yana cikin sauran kowa: ya karanta, amma ba ya rubutu. Abin da ya hana hoton hawa ke nan.

Neman FTP ɗin ma daga nan ya fito. WordPress kan ƙirƙiri ɗan fayil na gwaji ya kwatanta mai shi da mai nasa fayilolin. In sunayen ba su zo ɗaya ba, sai ya ƙi rubutu kai tsaye.

Hanya biyu ce. Ko ka ba www-data komai da chown, umarnin canza mai fayil:

chown -R www-data:www-data /var/www/html

Da wannan hotuna da plugin da sabuntawa duk za su tafi daga cikin shafi. Illarsa, in plugin ɗaya ya sami ɓaraka, ɓarawo na iya taɓa kowane fayil. Ko kuma ka ƙirƙiri foldar uploads ka ba shi ita kaɗai, sauran su zauna a hannun asusunka, kana sabuntawa ta SSH, wato ta layin umarni na sabar. Ta biyun ta fi tsaro, ta farkon ta fi sauƙi ga mai farawa. In ka bi ta biyu, tabbatar rukunin wp-config.php www-data ne, in ba haka ba 640 zai hana PHP (harshen da WordPress yake aiki da shi) karanta shi, shafin ya mutu gaba ɗaya.

yar_kwamfuta:
Ga masu karantawa da ke kan masaukin haɗaka mai cPanel (allon sarrafa masauki): a can galibi PHP da sunan asusunku yake gudana, 755 da 644 sun wadatar, ba ruwanku da chown. Sabar mai suPHP (tsarin da ke gudanar da PHP da sunan mai fayil) ma kuskuren 500 take bayarwa in ta ga 777.

Wajen ɗorawa kuma a yi amfani da SFTP ta ƙofa 22, domin FTP na ƙofa 21 a fili yake aika kalmar sirri. Fayilolin WordPress sun haura dubu, sauƙi ne wasu su faɗi a hanya, don haka ya fi a ɗora zip ɗin a warware shi a can.

sabon_shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Root root na gani. Na yi chown, hotuna suna hawa yanzu. Sai dai da na canza tsarin adireshin rubuce-rubuce, duk wanda na danna kuskuren 404 (ba a samu shafin ba) yake bayarwa.

injiniya_linux:
Wannan na .htaccess ne, fayil ɗin da WordPress ke rubuta wa Apache ƙa'idodin adireshi a ciki. Kunna rewrite da a2enmod rewrite. Sannan buɗe /etc/apache2/apache2.conf, a sashen /var/www/ ka mayar da AllowOverride None zuwa All, domin da None Apache ba ya ko kallon fayil ɗin. Ka yi systemctl restart apache2, ka koma saitin adireshin ka sake danna adanawa don WordPress ya rubuta .htaccess. Da yake sunansa da ɗigo ya fara, ls -la ne zai nuna maka shi, kuma 644 ya ishe shi.